Rasuwar Mai Ƙaho Biyu, Rautar Falonmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kwamfuta mai cike da aikin da ya ƙi tafiya, ni babban ɗan gidan nan, a madadin mahaifiyarmu da iyalina da ƙanwata Auta, da duk wanda ya taɓa laɓewa a bayan katangarmu yana laluben sabis, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar rautarmu, wato ɗan baƙin akwatin nan da ke raba mana intanet a gida, wadda aka fi sani da Mai Ƙaho Biyu. Ta cika ranar Litinin da la'asar a kan kantar falo, tsakanin agogo da hoton mahaifinmu, inda ta yi shekara tara tana aiki ba hutu. Na tambayi malamin unguwarmu ko ya halatta a yi mata addu'a. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ba a yi wa akwati addu'a, amma ni zai yi mini, don da ganina ina bukata.

Marigayiya ta shigo gidan nan a cikin kwali, a hammatar Baba, shekarar da ya yi ritaya daga gidan waya. Mutum ne da ya yi shekara talatin da biyu yana buga wa wasiƙun mutane hatimi, bai taɓa ɗaga ko ɗaya ya haska ta a fitila ba. Ya ce tunda duniya ta daina rubuta wasiƙa, shi zai kawo gidan waya cikin falonsa. Ya sa tabarau ya karanta takardar da ta zo da ita tun daga bango har bango, har da shafukan da ba da yarenmu ko na makaranta aka rubuta ba. Shi ya miƙe mata ƙahonninta biyu, shi ya jona ta, shi kuma ya raɗa mata sunan da ke fitowa a fuskar waya idan ana neman wayfay. Maƙwabta duk sun bar nasu da sunan kamfani da jerin lambobi, ban da mai gidan da ke kallonmu, wanda ya sa wa tasa "Ba Kyauta Ba Ce". Baba ya sa wa tamu "Maigida na nan". Duk wanda ya shigo ƙofar gidanmu, kafin ya yi sallama wayarsa ta riga ta gaya masa haka.

Duk wanda ya zauna da marigayiya zai shaide ta da haƙuri. An ɗauke mata wuta sau ba adadi tana tsakiyar aiki, ba ta taɓa riƙe kowa a zuci ba. Idan an dawo da wutar sai ta yi ƙas, ta ɗauki minti biyu tana tattara hankalinta, sannan fitilunta huɗu su kama ɗaya bayan ɗaya, duk koraye. Ba ta da hayaniya. Sai gida ya yi tsit, an kashe fanka, sannan za ka ji ɗan kukanta, ziii, siriri, kamar sauro a ɗaki na gaba. A ƙuruciyarta tana kai wa kowa saƙo har cikin ɗakinsa, ban da kicin da ɗakin ƙarshe na lungu, inda sai ka miƙa hannu ta ƙofa. Ta kanta aka ga jikokin da aka haifa a nesa, ta kanta Auta ta cike takardun makaranta, ta kanta kuma, idan za a faɗi gaskiya, Auta ta samo mijin da zai shigo labarin nan an jima, abin da har gobe ban gama yafe wa marigayiya ba.

Aibinta ɗaya ne, kuma ba nata ba ne, na Baba ne. Bai taɓa rubuta kalmar sirrinta a ko'ina ba. Duk wanda ya zo da sabuwar waya ya ce, Baba, mene ne kalmar shiga, sai ya cire tabarau, ya bubbuga kushin ɗin kusa da shi da tafin hannu, ya ce, "Zauna mu yi hira."

Mu kuwa mun san hirar. Labarin buhun wasiƙun da ruwa ya jiƙa aka shanya a farfajiyar ofis, da labarin tsohuwar da ta yi shekara bakwai tana zuwa duk Laraba tana tambayar wasiƙar ɗanta. Kowane ɗaya awa guda ne, kuma mun haddace su. Sai muka samo dabara: ka miƙa masa wayar, ka ce ka bar ruwa a wuta ko ana jiranka a waje, ka zagaya ka dawo. Shi kuma ya bi ka da kallo, ya mayar da tabarau, ya danna da yatsa ɗaya, ƙit, ƙit, ƙit, ya ajiye maka wayarka a hannun kujera. Ka ɗauka ka ce an gode, ka shige ɗaki. Auta ce kaɗai ta taɓa leƙawa ta kafaɗarsa, ba ta ga harafi ko ɗaya ba, amma ta ƙirga ɗigogin da ke ɓoye haruffan, guda goma sha uku. Har ƙofar da ake bi a shiga cikin saitin rautar ya sauya wa makulli, don haka babu wata ɓarauniyar hanya.

Shekara biyu ke nan da Baba ya riga mu gidan gaskiya, bayan jinyar kwana shida. Ba wanda ya tuna da wata kalma a asibiti, kuma da wani ya tuna da na mare shi. Daga baya wayoyi suka yi ta sauyawa. Tawa ta faɗa bokitin wanki, ta matata aka zare a cikin bas, Auta ta sami sabuwa a kayan aure. Kowace sabuwar waya takan ga "Maigida na nan" rangaɗau a fuskarta, ta ƙwanƙwasa, ba mai buɗewa. A ƙarshe abu biyu kaɗai suka rage a gidan nan da hannun Baba ya shigar: talabijin ɗin falo, da tsohuwar wayar Inna mai tsagaggen gilashi.

Ni zanen gidaje nake yi, kuma daga gida nake aika wa ofis. Sai na sayo wata doguwar igiya shuɗiya na soka a bayan marigayiya, na ja ta ratsa tsakiyar falo zuwa teburin cin abinci, na soka a kwamfutata. Kwamfutar kuma ta riƙa ɗan tsakura wa sauran wayoyin gidan, amma ba ta wuce taku biyar. Tun daga nan duk mai neman intanet a gidanmu sai ya zo falo ya zauna. Matata na nan da ɗinkinta na hannu, yara na kwance a ƙasa da aikin makaranta, Auta in ta zo wuni tana kan hannun kujera, Inna na tsakiya tana ba kowa umarnin da ba ya ji. Babu baƙon da igiyar nan ba ta harɗe ba, har da malamin da na ambata.

Ga abin da ya sa ba mu taɓa sauya komai ba. Duk sanda Inna ta dawo daga unguwa, ko asibiti, ko gidan Auta, takan tsaya a bakin ƙofar falo ta zaro wayarta daga jaka, ta nisanta ta da idonta, ta jira. Idan rubutun ya fito, "Maigida na nan", sai ta ce to madalla, sannan ta cire takalmi. Da safe ma haka, kafin ta sha shayi. Da farko dariya muke yi mata, ita ma tana taya mu. Daga baya muka lura ta daina dariyar, mu ma muka daina. Ita ke goge wa marigayiya ƙura da wani ƙyalle da ba a goge komai da shi, kuma ta kafa doka cewa duk abin da zai sami gidan nan, kada wanda ya taɓa akwatin Baba.

Rashin lafiyar ya fara ne bara. Sai fitila ta uku ta koma ja ba dalili, sai ta yi zafi har ba ka iya ɗora mata hannu, sai ziii ɗin nan ya yanke ya dawo. Zane ɗaya da ya kamata ya tafi kafin in gama shan ruwa sai ya kai kashi casa'in da bakwai ya tsaya, ya yi tunani, ya koma farko. Akwai ranar da nake yi wa wani mai gini bayani ta bidiyo, fuskata ta daskare baki buɗe ido ɗaya a rufe, na yi minti huɗu a haka a bangon ofishinsa. Shugabana ya kira ni bayan nan, ya yi magana a hankali, irin a hankalin da ya fi tsawa ciwo, ya ce in gyara gidana ko in dawo ofis in riƙa zama, ofishin da ke ɗaya ƙarshen gari.

A nan dole in faɗi laifina na farko. Marigayiya na kwance ba lafiya na fara zuwa ganin wata. Sau uku ina zuwa shagon kayan waya na bakin titi. Fara ce, mai ƙaho shida, an ɗora ta a kan gilashi ita kaɗai. Mai shagon ya ce tana ratsa bango uku, tana kaiwa kicin da banɗaki da bayan gida, tana ɗaukar waya arba'in ba ta yi nishi ba, kuma hanya biyu take da ita, ɗaya ta masu sauri ɗaya ta tsofaffi. Na tambaye shi tsakani da Allah ko intanet ɗina zai ƙara gudu. Ya sosa ƙeya ya ce abin da kamfani ke turo mini shi za ta raba, ba za ta ƙara ko ɗigo daga aljihunta ba, sai dai ba za ta zubar da rabi a hanya ba kamar yadda tawa ke yi. Ya ce tsofaffin wayoyi ba za su ga wani bambanci ba. Ya kuma ce irin tawa, kamfanin da ya ƙera ta ma ya manta ya haife ta, ba a ƙara aiko mata da gyara, ɓarawon intanet zai iya shiga ta cikinta ya fita ba ta sani ba. Da ya faɗi kuɗinta sai na yi masa sallama. Matata ta ce in saya, Auta ta ce in saya. Ni kuma duk sanda na buɗe baki zan yi wa Inna maganar, sai in same ta da ƙyallen nan a hannu, in tambaye ta ko ta sha magani.

Laifina na biyu shi ne ajalin marigayiya. Ranar Litinin ina da zanen da za a karɓa ƙarfe huɗu, ƙarfe biyu fitila ta yi ja ta ƙi komawa. Na zare ta daga wuta na mayar, na yi mata fifita, na ɗora ta a kan faranti mai sanyi, duk a banza. Inna ta tafi asibitin ido tare da matata. Sai na kira mijin Auta, wanda muke kira Injiniya saboda ya taɓa gyara fanka, alhali kiwon kaji yake yi. Ya ce abu mai sauƙi, akwai ɗan rami a bayanta, in soka allura in danne, ristat za ta yi ta wartsake. Ban sani ba, shi ma bai sani ba, ashe ristat daban, riset daban. Na farkon tashi ne daga barci. Na biyun kuwa shafe duk abin da aka taɓa koya mata ne.

Na buɗe gwangwanin ɗinkin Inna na ɗauki allura. Na soka, na danne, kuma don in tabbatar magani ya kama sai da na ƙirga talatin. Fitilun nan huɗu suka kama gaba ɗaya, abin da ban taɓa gani ba, suka mutu gaba ɗaya, suka dawo. Na duba wayata. "Ba Kyauta Ba Ce" na nan. Na sauran maƙwabta na nan. A gurbin namu sai wasu haruffa da lambobi da ban san su ba. Na yi ta saukar da jerin ina sake ɗagowa har yatsana ya yi zafi. Bayan awa guda sai na ji ƙaurin roba, marigayiya ta yi tas sau ɗaya, ziii ɗin ya tsaya. Zanen bai tafi ba, kuma wallahi a lokacin ko tunawa da shi ban yi ba.

Ina tsaye a wurin Inna ta dawo. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta zaro wayar, ta nisanta ta da ido. Ta jira. Ta koma har ƙofar gida ta sake shigowa, ta sake dubawa. Sau uku ta yi haka, matata na riƙe da jakarta. Sannan ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Ya fita ne?"

Na ce matsalar kamfani ce, za su gyara. Wannan shi ne laifina na uku, kuma ya fi sauran nauyi.

Yau kwana huɗu. Mai gyara ya kwance marigayiya, ya sunsuna cikinta, ya mayar da murfin ya ce sai haƙuri. Falonmu ya watse. Ni ina shagon intanet tun safe ina aikin ofis a kujerar da ba ta da majingina, matata ta koma tsayuwa a jikin katangar maƙwabciya, yara sun gano gidan abokai. Inna kaɗai ke zaune a falo, wayar a cinyarta, fuskar wayar na kallon sama. Abinci yadda aka kai mata haka ake ɗauko shi. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi ɗaya daga ciki da na fi samun sauƙi. Tsoro nake ji, in faɗa muku gaskiya. Na ga yadda ta tsaya da ƙafafunta bayan rasuwar Baba, ina ta yaba ƙarfin halinta, ban san abin da ta jingina da shi ba sai da na soka masa allura.

Na koma wurin mai shago kamar zan yi kuka. Shi ya gaya mini cewa suna ba wahala ba ne, kowace rauta ana iya raɗa mata "Maigida na nan". Idan sunan da kalmar sirrin suka zo daidai da na da, harafi da harafi, tsohuwar waya za ta shiga da kanta, ba za ta san an yi rasuwa ba. Idan kuwa kalmar ta bambanta, dole a goge tsohon shigarwar daga wayar a sa sabo. Na je na lallaɓa Inna, na ce ko kamfani ya gyara wataƙila sai an ɗan goge wani abu a wayarta an sake sawa. Ta ɗora tafin hannu a kan wayar ta ce hannunsa ne ya sa, ba a gogewa.

Saboda haka jiya na ce talabijin ma ya lalace, na naɗe shi a bargo, na sa shi a tasi na kai shagon, tunda shi ma yana riƙe da kalmar a cikinsa ko da ba ya faɗa. Mai shago ya yarda in gwada da ta kan gilashi. Sai in sa mata sunan, in sa kalmar da nake zato, in jira ta tashi, in ga ko talabijin zai gane ta. Na gwada sunan Inna da shekarar aurensu. Na gwada sunayenmu a haɗe, na gwada lambar akwatin gidan wayarsa, da lambar tsohon babur ɗinsa, da sunan tsohuwar nan mai zuwa duk Laraba. Na cika ko na rage har su kai goma sha uku. Gwaji sittin da ɗaya na yi, kowane da jiran minti biyu, talabijin na kallona. Da la'asar mai shago ya ce in saya ko in ɗauke talabijin ɗina, mutane sun fara tambayarsa nawa ne. Ni kuma me zan saya? In babu kalmar nan, mai ƙaho shida za ta kai zanena ofis, ta bar mini uwa a zaune da waya a cinya.

Marigayiya ta rasu ta bar cajarta, wadda ke cikin ƙoshin lafiya amma ba ta shiga bakin kowa. Ta bar igiya shuɗiya mai tsawon taku goma sha biyu, kwance a tsakiyar falo ba wanda ya iya naɗe ta. Ta bar kwalinta, mai ɗauke da ranar da aka saye ta da rubutun Baba, da ƙyallen goge ƙura, da talabijin ɗaya da ya dawo gida da tsaga a gefe. Ta bar Injiniya, wanda ya kashe wayarsa tun ranar Talata. Ta kuma bar tsohuwa ɗaya da ba ta cin abinci.

Don haka ina roƙon jama'a, don girman Allah, duk wanda Baba ya taɓa sa wa kalmar nan a waya kuma wayar tana nan, ko ta mutu, ko tana cikin durowa, ko an ba yara suna wasa da ita, ya kawo. Duk abokin aikinsa na gidan waya da ya san wata kalma mai harafi goma sha uku da yake yawan faɗa, ya zo ko ya aiko. Ba na jin kunyar kowa yanzu.

A nan na ajiye alƙalami jiya, da niyyar in aika sanarwar yau da safe. Sai na ga bai kamata duniya ta ji na yi wa uwata ƙarya kafin ita ta ji ba. Da hantsi na ɗauko takardar na same ta a falo, shayinta ya huce a gabanta. Babu wurin zama kusa da ita sai kushin ɗin nan da Baba ke bubbugawa, na zauna a kai na fara karanta mata. Da na zo kan allura na kasa ɗaga kai. Ta ce in ci gaba, ai tun ranar ta sani, don na mayar da allurar cikin gwangwani ba a jikin zaren da take soke ta ba. Na karanta har roƙon ƙarshe. Sai ta tambaye ni ko da gaske ne sabuwa za ta iya amsa sunan, wayarta ta shiga ba a goge komai ba. Na ce da gaske ne, in da kalmar.

Ta ce, "Kalmar kake ta wahala a kai har da ɗaukar talabijin? Ai bai taɓa ɓoye muku ba. Duk wanda ya tambaya sai ya faɗa masa."

Na buɗe baki zan yi musu, sai na tsaya. Na ɗaga yatsu na fara ƙirgawa. Zauna, biyar. Mu, bakwai. Yi, tara. Hira, goma sha uku. Na sake ƙirgawa daga ɗaya hannun. Ta ce ranar da ya sa mata a wayarta yana dannawa yana faɗa, ita kuwa tana zaune, shi ya sa ta ji. Shekara bakwai mutumin nan yana ba mu amsa a fili, muna cewa mun bar ruwa a wuta.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, irin wanda ban yi ba ranar da aka fita da gawar Baba. Da na sami bakin magana na tambaye ta me ya sa ta bar mu shekara biyu muna tuntuɓe da igiya. Ta ce wa ya tambaye ta, kowa ya ɗauka tsohuwa ba ta san komai ba sai shan magani. Ta juya wayar a hannunta, ta ƙara da cewa, "Kuma da na faɗa, da kowa ya shige ɗakinsa."

Kafin azahar mai ƙaho shida ta iso gidan nan. Na ɗora ta a kan kanta, tsakanin agogo da hoton, na raɗa mata sunan, na danna haruffan nan da yatsa ɗaya. Inna ba ta duba wayar a zaune ba. Ta tashi ta sa takalmi, ta fita har ƙofar gida, ta dawo ta tsaya a bakin falo, ta nisanta wayar da idonta. Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka ba. Sai ta ce to madalla, ta cire takalmi, ta ce wa matata a ɗumama mata abincin jiya.

Masu tambayata ko sabuwar ta cancanci kuɗinta, ga abin da na gani. Zanen ranar Litinin ya tafi kafin in gyara zama. Tana kaiwa kicin, tana kaiwa ɗakin ƙarshe na lungu, na gwada har banɗaki, kuma ina tsaye a can na tuna maganar Inna, cewa kowa zai shige ɗakinsa. Na kira mai shago na tambaye shi ko ana iya rage mata ƙarfi. Ya ce tunda ya buɗe shago ba wanda ya taɓa sayen mai ƙaho shida ya nemi a rage, amma akwai wurin. Na rage har ƙasa, na zagaya gidan da waya a hannu ina dubawa. Yanzu iyakarta ƙofar falo, da taku biyu a waje saboda Inna.

Za a yi wa marigayiya sutura gobe Asabar bayan la'asar, a cikin kwalinta, tare da cajarta da ƙyallenta. Inna ce za ta naɗe igiya shuɗiya da hannunta. Makwancinta saman kabad ɗin Inna, kusa da akwatin takardun Baba. Ana sanar da Injiniya cewa an yafe masa, ya kunna wayarsa, ya zo da kujeru shida. Na san na tona kalmar sirri a cikin wannan sanarwa, na kuma gaya wa Inna, ta ce in bar ta a ciki, dama ba sirri ba ce. Masu laɓewa a bayan katanga su sani cewa sabis ba ya kaiwa can kuma, su zagayo ta ƙofa. Za a karɓi gaisuwa a falo, gobe da jibi da duk ranar da mutum ya samu. Wanda ya zo ya kashe abin da ya ɗora a wuta kafin ya fito, don Inna ta ce akwai labarin buhun wasiƙun da ruwa ya jiƙa, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa ya ji ƙarshensa.